Me ake nufi da "kai tsaye" a rediyo, talabijin da waya?

Daren 29 ga watan azumi, bayan an sha ruwa an yi isha'i, kunnen kowa yana fadar Sarkin Musulmi. Ko gobe sallah ce, ko a cika talatin, daga bakin Mai Alfarma Muhammad Sa'ad Abubakar ake jiran ji. Wata shekara a gidanmu da ke Mabera, abu uku ne a kunne lokaci guda: rediyon Kawu a kan tabarma a tsakar gida, talabijin a falo, sai wayar ƙanena da ya jingina da buta yana kallo a Facebook. Da sanarwar ta fito, rediyo ne ya fara faɗa. Yara sun riga sun ɓarke da murna kafin talabijin ta iso wurin, wayar kuwa sai da aka yi kusan rabin minti sannan ta kawo maganar da duk gidan ya riga ya ji.

Kawu ya dube ni ya ce, "Kai ɗana, kai da ka san aikin ga, mi ya kawo haka? Duka ukun sun ce kai tsaye na, amma wanga ya riga wancan." Na ce, "Kawu, babu wanda ya yi ƙarya a cikinsu. Hanyar wani ce ta fi ta wani tsawo." Tun daga ranar nake son in zauna in warware wannan kalma, domin kullum muna furta ta, amma kaɗan ne daga cikinmu suka san abin da ke ƙarƙashinta.

Kalmar ta girmi rediyo nesa ba kusa ba. Bahaushe yana cewa wane ya wuce kai tsaye, wato bai ratse ba, bai tsaya gaisawa a hanya ba. Alhazanmu suna tashi daga filin jirgin Sarkin Musulmi Abubakar na Uku kai tsaye zuwa ƙasa mai tsarki, ba a yada zango a Kano ko Abuja ba. Wannan ma'anar ce ma'aikatan rediyo suka aro, kuma sun dace da aron. Shirin kai tsaye shi ne wanda sauti ko hoto yake barin wurin da abu ke faruwa ya isa ga mai sauraro a daidai lokacin, bai kwana a kaset ba, bai bi ta hannun mai tacewa ba. Kishiyarsa shi ne naɗaɗɗen shiri, wanda aka ɗauka aka gyara aka ajiye, da kuma maimaici, wanda an taɓa watsa shi a baya.

A da, aikin sai gwamnati da manyan tashoshi. Talabijin ta fara a Najeriya a Ibadan a 1959, Kaduna ta samu tata a 1962, sannan aka haɗa tashoshin ƙasar a ƙarƙashin NTA a 1977. Idan tasha tana son kawo hawan sallah ko wasan ƙwallo daga fili, sai ta fito da babbar motar nan da ma'aikata ke kira OB, wadda ɗakin watsa shiri ne sukutum aka ɗora wa taya: kyamarori uku ko huɗu, dogayen wayoyi shimfiɗe a ƙasa, janareta, darakta a ciki yana duban allunan kallo yana cewa a ɗauki kyamara ta biyu, da kwanon da ke harba saƙon zuwa tasha ko zuwa tauraron ɗan Adam. Sai a 2016 Facebook ya buɗe wa kowa da kowa ƙofa, daga nan wayar da ke aljihun ɗan makaranta ta soma yin abin da a da sai mota guda da ma'aikata goma. Yau tafsirin azumi a Masallacin Sarkin Musulmi Bello, dambe da kokawa da yamma, ɗaurin aure, saukar karatu, duk akwai mai riƙe da waya a gefe yana cewa "muna kai tsaye".

To daga ina jinkirin yake zuwa? Rediyon FM shi ne mai gajeriyar hanya. Murya ta shiga makirfo, ta hau eriya, ta sauka a akwatin Kawu, kusan babu ratar da kunne zai iya kamawa. Talabijin ta tauraron ɗan Adam kuwa sai saƙonta ya hau sama kimanin kilomita 36,000 ya sake saukowa wasu 36,000. Ko da gudun haske, wato kilomita 300,000 a sakan guda, wannan hawa da sauka yana cin kusan rubu'in sakan, ban da lokacin da na'urori ke ɗauka suna matse hoton suna warware shi. Shi ya sa za ka ga mai gabatar da labarai ya yi tambaya, wakilin da ke wani gari yana ta gyaɗa kai shiru kafin ya amsa. Ba tunani yake yi ba, tambayar ce ba ta iso shi ba tukuna.

Na intanet ya fi su duka jan ƙafa, kuma da gangan aka yi shi haka. Hoton da ya bar wayar mai ɗauka yana zuwa manyan kwamfutocin kamfanin, a can a sake dafa shi kala-kala, wani mai kauri don mai sabis mai ƙarfi, wani siriri don wanda ke ƙauye da sanda ɗaya a waya. Sannan a yayyanka shi gunduwa-gunduwa, kowace ta 'yan sakanni. Wayar mai kallo ba ta fara nunawa sai ta tara gunduwa biyu ko uku a hannu, kamar mai tuwo da ba ta fara tuƙi sai ta ga gari ya isa, don kada sabis ya ɗan yi sanyi hoton ya tsaya cak. Wannan tarin ne yake zama sakan goma, ashirin, har talatin. Duk wanda ya taɓa kallon ƙwallo a waya kusa da gidan kallo ya san zafin abin: ihu ya tashi a maƙwabta, kai kuwa ɗan wasan bai ma karɓi ƙwallon ba a wurinka.

Maganar matse hoto ita ce zuciyar aikin, kuma nan ne yawancin masu farawa suke tuntuɓe. Abin da muke gani yana motsi jerin hotuna ne tsayayyu, 25 a kowane sakan a tsarin talabijin ɗinmu. Idan hoton mai kyau ne irin wanda ake kira 1080, kuma aka bar shi ɗanye yadda ya fito daga kyamarar tasha, yana bukatar kusan megabit 1,500 a sakan guda (megabit shi ne ma'aunin yawan datar da ke bi ta layi). Babu layin wayar da zai ɗauki wannan kaya. Saboda haka akwai na'ura ko manhaja, ma'aikata suna ce mata inkoda, da ke zubar da duk abin da ido ba zai yi kewarsa ba. Idan malami yana zaune yana karatu, bangon bayansa bai motsa ba, ba sai an sake turo bangon sau 25 ba. Leɓensa da hannunsa kawai za a turo. Da haka kayan yake komawa megabit uku zuwa shida. Amma ka juya kyamarar nan ka nufi dawakin hawan sallah suna sukuwa, ƙura ta tashi, alkyabbu suna kaɗawa, babu abin da ya tsaya wuri ɗaya balle a yi tsimi da shi. Nan take za ka ga hoton ya farfashe ya zama ƙananan akwatuna. Sau da yawa kyamarar ba ta da laifi, bututun, wato layin intanet, shi ne ya yi wa kayan kaɗan.

Lissafin data ma daga nan yake fitowa. Wanda ke turawa a kan megabit uku a sakan, awa guda za ta cinye masa kusan gigabait ɗaya da sulusi. Kuma abin da mutane ba su cika lura da shi ba: ƙarfin saukewa daban, ƙarfin turawa daban. Layin da ke buɗe maka bidiyo fes yana iya kasa ɗaga naka zuwa sama, domin kamfanonin waya sun fi ba saukewa fili.

Na koyi wannan da hawayen wata baiwar Allah. An kira ni in watsa saukar karatu kai tsaye a wata islamiyya da ke Arkilla, mahaifin ɗaya daga cikin masu saukar yana aiki a Saudiyya, an yi masa alkawari zai ga 'yarsa tana karanta allonta. Na je da safe na gwada sabis, lafiya lau. Da aka cika fili bayan la'asar, iyaye da 'yan uwa kowa ya zaro waya, sandunan sabis suna nan cike a fuskar wayata amma hoton ya ƙi tafiya. Yarinyar ta miƙe, ta gyara hijabi, ta karanta har ta zauna, abin da uban yake gani da'ira ce tana juyawa. Uwar ta zo ta tsaya kusa da ni ta ce, "Malam, ya gani kuwa?" Na naɗi komai, na tura masa da dare, ya yi godiya ƙwarai. Amma ni da shi duk mun san ba shi aka yi masa alkawari ba. Tun daga nan ba na gwada sabis a fili babu kowa in ce na gwada, kuma ba na fita da layi ɗaya.

Turken sabis guda ɗaya yana da iyakar abin da zai ɗauka, duk wayar da ke kusa kuma da ita ake raba shi. Wannan ce matsalar duk wani taro na waje. Dubi bikin kamun kifi na Argungu, wanda tarihinsa ke komawa ga ziyarar Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu a 1934: dubban masunta suna rugawa cikin kogin Matan Fada da gora da koma, dubban 'yan kallo a bakin ruwa kowa da waya a sama, kuma abu ne da ba za ka ce a koma a sake ba. Manyan tashoshi suna maganin wannan da wata jaka da mai kyamara ke goyawa, irin ta LiveU ko TVU, mai ɗauke da layuka da yawa na kamfanoni daban-daban. Tana rarraba hoton a kansu, in wannan ya yi rauni wancan ya ɗauka, a tasha a sake harhaɗa shi. Tun da Starlink, mai ba da intanet ta tauraron ɗan Adam, ya shigo Najeriya a 2023 kuma, wasu suna ɗaukar farantinsa su kafa a fili. Taurarinsa suna kusa, kimanin kilomita 550 ne, don haka jinkirinsu kaɗan ne, sai dai yana son sarari a buɗe da wutar da ba ta yankewa.

Mu a nan akwai abokin gaba na biyu, wato rana. A watan Afrilu zafin Sakkwato yana haura digiri 40, ga waya tana ɗauka, tana matsewa, tana turawa, tana kuma caji daga fawa bank. Ba a daɗewa take rage hasken fuska ta rubuto cewa ta yi zafi, wani lokaci ta kashe kyamarar da kanta. Cire mata riga, nema mata inuwa ko da ta lema ce, sannan a rage kaurin hoton zuwa 720. Da hunturu kuwa ƙura ce, a riƙa goge gilashin.

Abin da na fi jin takaicinsa shi ne sauti. Mutum zai kashe kuɗi a kan kyamara, sannan ya tsaya nesa yana ɗaukar muryar malami daga lasifika, da amsa-kuwwa da kukan janareta da hirar na kusa da shi. Mai kallo yana haƙuri da hoto mai hazo, amma ba ya minti biyu a kan muryar da ba ya fahimta. Igiyar waya ɗaya siririya daga miksar masu lasifika, wato na'urarsu ta haɗa sauti, zuwa na'urarka ta fi sabuwar kyamara amfani a wurin tafsiri.

Sai nauyin da ke cikin kalmar. A naɗaɗɗen shiri, in baƙo ya yi ɓaram-ɓarama a yanke. A kai tsaye, magana zarar bunu ce. Shi ya sa tashoshi da yawa a duniya suke saka jinkirin 'yan sakanni da gangan a shirin da ake bugo waya, don mai kula da na'ura ya samu damar datse zagi ko ƙazafi kafin ya fita, kuma a Najeriya hukumar NBC, wadda aka kafa a 1992, tana kama tasha da laifin abin da ya fita ta kanta. Mai waya a wurin biki ba shi da wannan birki. Matan da ke cin abinci a gefe, dattijon da ke gyangyaɗi, hirar sirri da makirfo ya tsinto, duk sun tafi duniya ba da saninsu ba. Ni dai kafin in danna, sai na ɗaga murya na sanar cewa kyamara za ta buɗe, wanda ba ya so ya gusa.

Kuma jan tambarin nan na "kai tsaye" da ke saman hoto ba shaida ba ne. Da manhaja irin OBS, wadda kyauta ce, mutum yana iya ɗora tsohon bidiyo ya tura shi tamkar yanzu ake yi, tambarin ya fito ja wur. An sha tayar wa mutane hankali da tsohuwar gobara ko tsohon rikici ta wannan hanya. Idan ka ci karo da irinsa, dubi inuwa ka gwada da agogonka, ka dubi sama da itatuwa. In hoton yana nuna hazon hunturu da mutane cikin rigunan sanyi alhali a ƙofar gidanka gero ya kai ƙugu, to an daɗe da naɗe shi. Ka kuma saurara ko mai maganar ya ambaci ranar yau, ko yana amsa gaisuwar masu kallo da sunayensu bayan ɗan jinkirin nan na sakan ashirin.