Manufar gwamnati kan gidaje masu sauƙin kuɗi

Manufar gidaje ita ce matakan da hukuma ke ɗauka domin waɗanda saye ko haya a farashin kasuwa ya fi ƙarfinsu su samu matsuguni. Abu biyu ake nufi, ko da yake ana yawan cakuɗa su. Akwai gidajen gwamnati, waɗanda hukuma ko ƙungiyar da ba ta neman riba ta mallaka, tana bayar da su haya da rangwame bisa buƙatar mutum. Akwai kuma gidaje masu sauƙin kuɗi, ko na waye ne, muddin kuɗinsu bai fi ƙarfin mazauninsu ba. Ma'aunin da aka fi amfani da shi shi ne kada gida ya ci fiye da kashi 30 cikin 100 na abin da iyali ke samu. Daga Amurka adadin ya yaɗu, inda dokar 1969 ta ƙayyade hayar gidajen gwamnati a kan kashi 25, aka ɗaga ta zuwa 30 a 1981.

Tarihi

Masu hannu da shuni sun riga gwamnatoci. Unguwar Fuggerei da ke Augsburg a Jamus, wadda attajiri Jakob Fugger ya fara ginawa wajajen 1516, tana nan har yau, kuma hayarta ba ta motsa ba: kwatankwacin santi 88 na yuro a shekara, da sharaɗin mazauni ya kasance ɗan Katolika mai yin addu'a sau uku kullum.

Hukumomi sun shigo ne a ƙarni na 19, sa'ad da masana'antu suka cika birane da ma'aikata, kwalara da tarin fuka suka addabi unguwannin cunkoso. Birtaniya ta ba ƙananan hukumomi ikon gina gidaje a dokar 1890, kuma an buɗe rukunin Boundary a Landan a 1900. Holan ta yi tata dokar a 1901, ta ɗora aikin a kan ƙungiyoyin gidaje. Bayan Yaƙin Duniya na Ɗaya, dokar Addison ta 1919 ta yi niyyar gina gidaje 500,000 a Birtaniya, amma kimanin 213,000 aka kammala kafin a datse kuɗin. Duk da haka ginin ya ci gaba, har ya kai kusan kashi ɗaya cikin uku na iyalan ƙasar suna zaune a gidajen hukuma a ƙarshen shekarun 1970.

Vienna

Tsakanin 1919 da 1934 birnin Vienna na ƙasar Ostiriya ya gina gidaje sama da 60,000. Kuɗin ya fito ne musamman daga harajin gini da aka ƙaƙaba a 1923, wanda aka tsara shi yadda manyan gidajen attajirai suka fi ɗaukar nauyinsa. Mafi shahara a gine-ginen wancan zamani shi ne Karl-Marx-Hof, da aka kammala a 1930: tsawonsa ya haura kilomita ɗaya, yana da gidaje fiye da 1,300, da wurin wanki da na wanka na haɗaka, da makarantun yara ƙanana, da tsakar gida mai ciyawa da itatuwa. A jikin bangon irin waɗannan gine-gine an rubuta da jajayen baƙaƙe cewa da kuɗin harajin aka yi su.

Birnin bai sayar da gidajensa ba lokacin da wasu ke sayarwa. Yau yana riƙe da kimanin 220,000, kuma wajen rabin mazaunansa suna cikin gidajen hukuma ko masu tallafi. Iyakar albashin da aka sa wa mai nema tana da tsawo, don haka malamin makaranta da direban bas kan zama maƙwabta, kuma ba a korar wanda albashinsa ya ƙaru daga baya.

Singafo

An kafa hukumar gidaje ta HDB a 1960. Shekara guda bayan haka gobarar unguwar Bukit Ho Swee ta raba mutum kusan 16,000 da muhallinsu, abin da ya hanzarta aikin. Dokar 1966 ta ba gwamnati damar karɓar filaye da araha, daga 1968 kuma aka yarje wa ma'aikata su biya kuɗin gida daga asusun ajiyarsu na dole. Sayar da gidajen ake yi bisa yarjejeniyar shekara 99. Kusan mutum takwas cikin goma a ƙasar a cikinsu suke zaune. Tun 1989 ana ƙayyade kason kowace ƙabila a kowane bene.

Amurka

Dokar 1937 ta ɗora kuɗin ginin a kan gwamnatin tarayya, ta bar kula da gidajen ga kuɗin haya. Da aka taƙaita su ga mafiya talauci, haya ta kasa ɗaukar gyara. Rukunin Pruitt-Igoe a St. Louis, benaye 33 masu hawa 11 da aka gama a tsakiyar shekarun 1950, an fara rushe shi a 1972. Daga 1974 ƙasar ta karkata ga takardar tallafin haya, daga 1986 kuma ga sassaucin haraji ga masu gini.

Sauran ƙasashe

Tarayyar Sobiyet ta gina miliyoyin ɗakuna a benaye masu hawa biyar a zamanin shugabanta Khrushchev. Bankin Duniya ya fara shirin raba filaye masu ruwa da hanya, mai fili ya gina da kansa, a Dakar a 1972. Afirka ta Kudu ta raba ƙananan gidaje kyauta daga 1994, Barazil kuma ta ƙaddamar da nata shirin a 2009. Ƙorafin da aka fi yi kan waɗannan biyun na ƙarshe shi ne an kai gidajen bayan gari, inda fili ke da araha amma aiki ke da nisa.

Hanyoyin da ake bi yanzu

Gini kai tsaye, tallafin haya, bashin gida mai ƙaramin ruwa, ƙayyade haya, da tilasta wa masu gini ware wani kaso na gidajensu ga masu ƙaramin ƙarfi. Dokar Faransa ta 2000 ta wajabta wa garuruwa da dama kashi 20 na gidajen tallafi, aka ɗaga zuwa 25 a 2013.

Taƙaddama

A 1980 gwamnatin Firaministar Birtaniya Margaret Thatcher ta ba 'yan haya damar sayen gidajen hukuma da ragi mai yawa, aka sayar da kusan miliyan biyu a Ingila. Magoya baya na cewa ma'aikata sun mallaki abin kansu. Masu suka na cewa ba a maye gurbin abin da aka sayar ba, jerin masu jira ya yi tsawo. Sikotilan ta soke shirin a 2016, Wales a 2019. Kan ƙayyade haya ma ba a daidaita ba: yana kare wanda ke cikin gida, amma masana tattalin arziki da yawa na ganin yana rage gidajen da ake bayarwa haya.