Awa nawa ne daga Kano zuwa Jidda? Ma'anar "lokacin tafiya" a tikitin jirgi

Mutum biyu za su hau jirgi ɗaya zuwa Umara, wannan ya ce awa biyar suka yi, wancan ya rantse bakwai ne, kuma babu maƙaryaci a cikinsu. Ɗaya agogon hannunsa ya duba, ɗayan kuma da tikiti ya yi lissafi.

A wajen kamfanonin jiragen sama, lokacin tafiya yana farawa ne tun sa'ad da jirgi ya motsa daga inda yake fake, ya ƙare sa'ad da ya tsaya cak a filin da zai sauka. Wannan 'yar tafiyar hawainiya da yake yi a ƙasa, da jiran a ba shi izinin tashi, duk suna ciki. Zaman jira a filin jirgin Malam Aminu Kano, da layin tantance fasfo, ba a sa su a lissafi, ko da kuwa su suka fi cinye wa matafiyi rana.

Tsakanin Kano da Jidda akwai kusan kilomita 3,400 idan an miƙe sak. Jirgin fasinja yana yin kilomita 850 zuwa 900 a awa idan ya daidaita a sama, amma hawa da sauka suna rage masa gudu, shi ya sa tafiyar kan ɗauki awa huɗu da rabi zuwa biyar.

Inda mutane suka fi ruɗewa shi ne agogo. Saudiyya tana gaban Najeriya da Nijar da awa biyu, tikiti kuma da agogon kowane gari yake aiki. A ce jirgi ya tashi daga Kano ƙarfe 10 na dare ya yi awa biyar. A gida ƙarfe 3 ne na dare, amma a Jidda 5 ta buga, asuba ta kawo kai. Tikiti zai nuna 22:00 da 05:00, sai mai lissafi da yatsu ya ce bakwai. A dawowa abin juyawa yake: ka bar Jidda ƙarfe 10 na safe, ka sauka Kano ƙarfe 1 na rana, ka ɗauka awa uku ka yi. Masu zuwa tarbar alhazai su ne wannan ya fi wahalar, don wani tun da hantsi zai kafa ya tsare a bakin ƙofa.

Nisa ma ba shi kaɗai ke yanke hukunci ba. Iska mai ƙarfi da ke kaɗawa daga yamma zuwa gabas a can sama ita ta sa Landan zuwa New York ya fi dawowar tsawo da kusan awa guda. Sannan akwai hanya. Miƙaƙƙiyar hanyar Jidda ta kan Chadi da Sudan ta bi, inda kakanninmu suka ratsa da ƙafa da raƙuma, wasu su shekara ba su isa ba. Da yaƙi ya ɓarke a Sudan a Afrilun 2023 aka rufe sararin samaniyarta, dole jiragen alhazan shekarar suka riƙa zagaye, lokaci ya ƙaru, kuɗin mai ma haka.

Tikiti mai araha kuwa sau da yawa mai zango ne, ta Adis Ababa ko Alƙahira. A nan jimillar awowin da aka rubuta ta haɗa har da zaman jiran jirgi na biyu, wanda kan iya fin tafiyar kanta tsawo.