Waiwaye: Wane tsohon fim ne ke iya zaunar da mai kallon yau?

Duk wanda ya taɓa kunna wa yaran gidansa fim ɗin da ya so a ƙuruciyarsa ya san abin da ke biyo baya. Kai kana jiran wurin da ya taɓa sa ka hawaye, su kuwa hankalinsu na kan dishi-dishin hoto da ƙarar iskar da ta danne maganar 'yan wasa. Wani fim ɗin kafin minti goma sun watse. Wani kuma sai ka ga an yi tsit, har ana cewa a mayar da shi baya. Wannan bambanci yana da tarihi.

Kallon fim a Kano ya girmi 'yancin kan Najeriya. An buɗe sinimar Rex a 1937, ga kuma majigin da Turawan mulki ke zagayawa da shi garuruwa, a kafa farin ƙyalle da daddare a nuna yadda ake noman auduga ko tsabtace gida. Waɗannan finafinan wa'azin gwamnati ne, yau sai mai bincike ke neman su. Waɗanda suka kama zuciya su ne na Indiya da 'yan kasuwar Labanan suka riƙa shigowa da su. Mother India na 1957 har gobe yana zaunar da mutum, don labarin uwa ne da gona da bashin da ya ƙi ƙarewa, kuma babu ƙauyen da bai san mai ba da rance irin wancan ba.

A ɓangarenmu, abin da ya fi ba ni mamaki shi ne Shaihu Umar, wanda Adamu Halilu ya shirya a 1976 daga littafin Abubakar Tafawa Ɓalewa. Shekaru da dama ana zaton ya ɓata, sai a 2016 aka gano gwangwanayensa a wani tsohon ɗakin ajiyar finafinai a Legas. Wata cibiyar finafinai ta Jamus mai suna Arsenal ta gyara shi, aka nuna shi a bikin finafinai na Berlin a 2018. Tafiyarsa a hankali take, ya haura awa biyu, kuma matashin da ya saba da gajeren bidiyon waya zai ƙosa da farko. Amma idan ya daure, zai ga rawani da sirdi da zaman almajirai a gaban malami, zai ji Hausar da ba a gaggawa a cikinta. Fim ɗin bai tsufa ba domin tun asali ba yayin zamaninsa ya bi ba.

Haka wasannin talabijin na su Ƙasimu Yero da Samanja. Ɗaki guda ne da kujeru biyu, amma magana ta riƙe su, kuma magana ba ta dusashewa kamar hoto.

Sai zamanin kaset. Ƙungiyar Tumbin Giwa ta fitar da Turmin Danya a 1990, daga nan ƙofa ta buɗe, marubutan littattafan soyayya suka shiga mayar da labaransu fim. Sangaya ya fito a 1999, shekarar da sunan Kannywood ya fara bayyana a mujallar Tauraruwa, kuma nasararsa ta sa kowane furodusa neman waƙa da rawa. A ganina finafinan shekarun da suka biyo baya su suka fi saurin tsufa. Ana ɗaukarsu cikin 'yan kwanaki don a riski kasuwar Ƙofar Wambai, labarin saurayi ɗaya da 'yan mata biyu ya yi ta maimaituwa, a katse zance a tsakiya a tafi lambu a yi rawa. Abin da ya rayu daga cikinsu waƙoƙin ne. Da an ji sautin fiyanon nan, matar da ta aurar da 'ya'ya sai ka ji tana bin baitin ba tuntuɓe, ko da ta manta yadda labarin ya ƙare. Ban raina wannan ba ko kaɗan, ƙuruciyar mutane ce a ciki.

Tun da Arewa24 ta fara aiki a 2014, sannan masu dogon zango suka mamaye YouTube, idon mai kallo ya saba da hoto tangaran da sauti garau. Da wannan idon yake auna na baya, shi ya sa na kaset ke shan wahala a hannunsa fiye da na sinima, duk da sun fi su ƙuruciya.

Abin da ke damuna ya wuce ɗanɗano. Shaihu Umar ya dawo ne don an ɗauke shi a kan fim ɗin sinima, wanda ke jure shekaru idan ya sami ajiya. Kaset ba haka yake ba. Zafi na narkar da shi, damina na sa masa fumfuna, zarensa ya manne ya tsinke a cikin bidiyo. Faifan CD da ya gaje shi kuwa ƙarzuwa ɗaya ta isa ta tsayar da hoto cak. Da yawa daga finafinan 1990 zuwa 2000 abin da ya rage a intanet kwafi ne na kwafi, fuska ta dushe, an yanke farko ko ƙarshe. Wasu ko hakan ba su samu ba, suna cikin kwali a ƙarƙashin gadon wanda ya shirya su.