Waiwaye: Yadda ruwan narkarwa ya zama babbar magana a harkar haɗa magunguna

Ƙwayar maganin da mutum ke haɗiya ba ta fi kan yatsa girma ba, amma kafin ta iso hannunsa sinadarin da ke cikinta ya ratsa ruwaye iri-iri. A cikin ruwa ake narkar da sinadarai don su haɗu, da wani ruwan ake wanke abin da ya fito, da wani kuma ake tace shi har ya zama farin gari. Waɗannan su ne ruwayen narkarwa, kuma yawancinsu daga man fetur ake samo su. Ba sa cikin sinadaran maganin, sai dai ɗan abin da kan rage a jikinsa. Da aiki ya ƙare sai a ƙone su, ko a sake tace su, ko su bi iska.

An daɗe ba wanda ya damu da su. Benzin, wanda Michael Faraday ya gano a 1825, ya zama ruwan aikin yau da kullum a ɗakunan gwaji, har wanke hannu ana yi da shi, kafin a tabbatar yana haddasa sankarar jini. Kulorofom da ɗan uwansa kabon tetrakulorayid suna lalata hanta, na biyun kuma yana cin rufin ozon da ke kare duniya daga hasken rana mai cutarwa, shi ya sa yarjejeniyar Montreal ta kare wannan rufi ta hau kansa. A lokacin masanin kimiyya abu ɗaya yake tambaya: kashi nawa na samu? Abin da ya tafi kwata ba ya cikin lissafi.

A ganina wurin da labarin ya juya shi ne 1992, lokacin da Roger Sheldon ya fito da wani ma'auni mai sauƙi: a auna sharar da aka bari, a raba da nauyin abin da aka samar. Matatar mai ba ta kai gram 100 na shara a kowane kilo ba. Masana'antar magunguna kuwa kilo 25 zuwa sama da 100. Da aka buɗe sharar aka duba, mafi yawanta ruwan narkarwa ne. Masu binciken kamfanin GSK sun ƙiyasta cewa in an cire ruwa zalla, kashi 80 zuwa 90 na nauyin kayan da ake amfani da su wajen haɗa magani ruwan narkarwa ne. Daga nan abubuwa suka bi juna. A 1997 hukumomin magunguna na Amurka da Turai da Japan suka kasa ruwayen gida uku bisa haɗarinsu, suka ƙayyade ragowar benzin a cikin magani a kashi 2 cikin miliyan. A 1998 Paul Anastas da John Warner suka zayyana ƙa'idoji 12 na kimiyyar sinadarai mai kare muhalli. Ta biyar a kan ruwan narkarwa take, ta tara a kan katalis, wato sinadarin da ke hanzarta haɗuwa ba tare da ya ƙare ba.

Abin da ya fi burge ni shi ne manyan nasarorin farko ba su jira wani sabon ruwa ba. A 1990 kamfanin Pfizer yana haɗa sildenafil, wato sinadarin Viagra, da kimanin lita 1,300 na ruwan narkarwa a kowane kilo. Da aka yi ta gyaran hanya sai da ya sauko zuwa lita 7. A sertraline, maganin ciwon damuwa, sun maye gurbin ruwaye huɗu da etanol kaɗai a matakan farko, galan 60,000 a kowane tan ya koma 6,000. Ƙirga aka yi, aka rage.

Ta ɓangaren katalis kuwa, ruwa zalla ne ya ba da mamaki. An saba cewa shi da sinadarai masu maiƙo ba sa ga maciji. Amma a 1980 Ronald Breslow ya nuna wata haɗuwa ta fi sauri a cikinsa. A 1984 wata masana'anta a Oberhausen ta Jamus ta mayar da wannan rashin jituwa riba: katalis na rodiyam, ƙarfe mai tsadar gaske, yana zama a cikin ruwa a ƙasa, abin da aka samar yana tasowa sama, sai a kwashe shi a bar katalis ya ci gaba da aiki. Daga baya Bruce Lipshutz ya kawo sinadari mai kama da sabulu wanda ke yin ƙananan ƙwallaye a cikin ruwa, haɗuwar ta faru a cikinsu ba tare da zafi mai yawa ba.

Akwai sauran. Iskar kabon dayoksayid in ta wuce digiri 31 da matsi ninki 73 na iskar da muke ciki tana narkar da abubuwa kamar ruwa, in an saki matsin ta tashi ta bar kayan a bushe. A 2003 Andrew Abbott ya gauraya garin kolin kulorayid da garin yuriya, busassu biyu, suka narke suka zama ruwa da ba ya daskarewa sai a digiri 12. Ana kuma samar da wasu ruwayen daga totuwar masara da garin katako.

Sai dai ba duk abin da aka kira mai tsafta ba ne yake da ita. Gishirin sinadarai masu zama ruwa da kansu, waɗanda aka yi ta yabo saboda ba sa tashi sama, an gano wasunsu guba ne ga halittun ruwa, haɗa su ma yana cin ruwayen da ake gudu. Ruwa zalla da ya gauraya da sinadarai sai an kashe makamashi an tsarkake shi. Ko sake tace ruwa ana maimaita shi yana da nasa haɗarin. A 2018 aka janye valsartan, maganin hawan jini, daga ƙasashe da dama bayan an sami sinadarin NDMA mai iya jawo sankara a cikinsa. Bincike ya kai ga wani ruwan narkarwa mai suna DMF da ya haɗu da sodiyam naitirayit bayan an sauya hanyar haɗa maganin, a wasu wuraren kuma ga ruwayen da aka sake tacewa ba da kyau ba. Tarayyar Turai ta taƙaita amfani da ruwan narkarwa NMP daga 2020, DMF daga ƙarshen 2023, saboda illarsu ga haihuwa, Amurka kuma ta hana yawancin amfani da wani ruwan, dikulorometan, a 2024.