Masu Yoga, Ku Kula da Ƙugunku

Mutane da yawa suna fara yoga ne don neman sauƙin ciwon baya, sai kuma wasu su tashi daga tabarmar da sabon ciwo a ƙugu. Wannan motsa jiki da ya samo asali daga Indiya yana da amfani, amma yadda ake yin sa ne ke raba lafiya da rauni. Ciwon ƙugu kuma ba ƙaramin abu ba ne: Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce mutum miliyan 619 ne suka yi fama da shi a shekarar 2020.

Ƙasusuwa biyar ne a ƙasan gadon baya, kuma tsakanin kowane biyu akwai faifan guringuntsi mai laushi da ke ɗaukar nauyi. Sau da yawa raunin yana faruwa ne wajen sunkuyawa don taɓa yatsun ƙafa da gwiwa a miƙe. Idan tsokar bayan cinya ta yi tauri, ba za ta bar ƙashin ƙugu ya karkata gaba ba, sai gadon bayan ya lanƙwashe, nauyin duka ya sauka kan faifan nan. Ku ɗan lanƙwasa gwiwa, ku sunkuya daga mahaɗar cinya, bayan yana miƙe. Ko hannu bai kai ƙasa ba, babu laifi. Da sassafe faifan ya fi cika da ruwa bayan kwanan dare, don haka kada a fara da sunkuyo mai zurfi daga tashi barci. Banƙarewa baya da ƙarfi da murɗa jiki da gaggawa su ma suna jawo ciwo, musamman ga mai kwaikwayon bidiyo ba tare da mai gyara masa ba.

In ciwon ya riga ya kama ku, ina roƙonku kada ku kwanta kwana da kwanaki. Doguwar kwanciya tana ƙara sandarar da bayan. Ku dakatar da motsin da ya jawo shi, ku riƙa tafiya a hankali, ku gasa wurin da ruwan ɗumi. Ibuprofen yana rage zafi, amma mai gyambon ciki, mai ciwon ƙoda da mai juna biyu su tambayi likita tukuna. Galibi sauƙi yana samuwa cikin makonni kaɗan. Idan an wuce mako shida babu canji, a je asibiti. Dattawa masu raunin ƙashi kuwa su nemi shawara tun kafin su fara yoga.

Akwai alamomin da ba a jira da su ko kwana ɗaya: ƙafa ta rasa ƙarfi, tsakanin cinyoyi ya mutu ba a jin taɓi, fitsari ya ƙi fita ko ya riƙa zuba ba da sani ba, ko a kasa riƙe bayan gida. Wannan na iya nuna jijiyoyin ƙasan baya sun matsu, kuma jinkiri na iya barin nakasa ta dindindin. Zazzaɓi tare da ciwon bayan, ko rama ba dalili, su ma likita ya gani da wuri.