Kira da Bin Sawun Puma da Koyoti a Hunturun Arewacin Amurka

Kira da bin sawu dabaru biyu ne da maharban Arewacin Amurka ke neman puma da koyoti da su, kuma kakarsu ita ce hunturu, daga Disamba zuwa Maris. A wajen kira, maharbi yakan ɓuya ya kwaikwayi kukan ƙaramar dabbar da ke cikin wuya, ko kukan ita kanta dabbar da yake nema, har ta kawo kanta. A bin sawu kuwa shi ke zuwa inda take, yana karanta abin da ƙafafunta suka bari a kan dusar ƙanƙara. Masu binciken namun daji da ma'aikatan gandun daji da masu ɗaukar hoto su ma da waɗannan dabaru suke aiki, don dabbobin biyu ba sa yarda a gan su da sauƙi.

Dabbobin biyu

Puma, wanda ake kuma ce wa kuga ko zakin dutse, babban ɗan dangin kyanwa ne mai launin ƙasa-ƙasa, ba shi da zane ko ɗigo idan ya girma, yana da doguwar jela mai baƙin baki. Masana na kiransa Puma concolor. Mazauninsa ya miƙe daga Yukon a Kanada har kudancin tsaunukan Andes. Namiji yakan kai kilo 60 zuwa 70, wani ya haura haka, mace kuwa ba ta cika wuce kilo 50 ba. Ba ya ruri irin na zaki. Shi kaɗai yake yawo, abincinsa barewa, kuma babban puma yakan kashe kamar guda a mako. A Amurka yawancinsu suna jihohin yamma. A gabas babu sauran garke mai haihuwa sai ɗan abin da ya rage a kudancin Fulorida.

Koyoti, Canis latrans, ɗan dangin kare ne, ɗan'uwan dila, sai dai ya ɗara dilar ƙasarmu girma: kilo 8 zuwa 20. Asalinsa filayen ciyawa da busassun yankunan yamma. Da aka ƙarar da kyarkeci aka sare dazuzzuka a ƙarni na 20, sai ya bazu har ya shiga kowace jihar Amurka ban da Hawai, ya gangara kudu ya ƙetare mashigin ruwan Panama. Ba ya zaɓen abinci: ɓera, zomo, mushe, 'ya'yan itace, ɗan rago idan ya samu.

Me ya sa hunturu

Dusar ƙanƙara ce dalili na farko. Puman da zai shekara yana wucewa ta bayan gida ba a sani ba, dare ɗaya na sabuwar dusa ya isa ya tona asirinsa. Na biyu yunwa. Ƙwari da 'ya'yan itace sun ƙare, ɓeraye sun shige ƙarƙashin dusa, sanyi na cin jiki, don haka koyoti ba ya iya yin kunnen uwar shegu da kukan zomo. Barewa kuma sukan sauko daga kan duwatsu zuwa kwaruruka inda dusa ba ta yi zurfi ba, puma ya biyo su, sai ya kusanto hanyoyin mota. Ga gashin koyoti da ke cika ya yi laushi a Disamba da Janairu, lokacin da fatarsa ta fi daraja. Daga Janairu zuwa Maris kuma lokacin barbararsa ne, yana kishin yankinsa, yana amsa kukan kowane baƙo.

Karatun sawu

Abin da mai koyo ke fara riƙewa shi ne bambancin dagin kyanwa da na kare. Sawun puma kusan zagayayye ne, faɗinsa santimita 8 zuwa 9, yatsu huɗu, kuma galibi ba a ganin farce domin yana janye su idan yana tafiya. Tsokar tsakiyar dagin babba ce, tana da tudu biyu a gaba, uku a baya. Yatsa ɗaya yakan ɗan yi gaba da sauran, da shi ake gane ƙafar dama da ta hagu. Sawun koyoti kuwa dogo ne mai siffar ƙwai, santimita 6 zuwa 7, faratan yatsun tsakiya sun fito sarai, tsokar tsakiya ƙarama ce, har ana iya ja layi biyu su gitta juna tsakaninta da yatsu ba tare da sun taɓa komai ba. A sawun puma hakan ba ta yiwuwa.

Tafiya ma shaida ce. Karen gida yakan yi ta kewaye-kewaye, ya shinshina nan ya ruga can, don ya san akwai abinci a gida. Koyoti ba shi da ƙarfin ɓatawa: layi ɗaya yake ja a miƙe, yana ɗora ƙafar baya a gurbin ta gaba. Puma tafiyar ƙasaita yake yi, yana bin gindin duwatsu da bakin kwazazzabo da ƙarƙashin itatuwa inda dusa ba ta taru ba, kuma idan dusar ta yi zurfi akan ga inda jelarsa ta share tsakanin sawu. Babban namiji yakan tara ganye da ƙasa da ƙafafun baya ya yi fitsari a kai, alamar cewa yankin da mai shi. Idan ya kashe barewa yakan ja ta zuwa cikin duhuwa, ya ci, ya rufe sauran da dusa da ganye, ya yi kwanaki yana dawowa. Wanda ya iske irin wannan maɓoya ya san mai ita bai yi nisa ba.

Inda gwaninta take shi ne sanin shekarun sawu, wato ko na daren jiya ne ko na shekaranjiya. Sabon sawu gefensa kaifi ne, kuma dusar da ƙafa ta watsar tana nan a warwatse da laushinta. Bayan wasu sa'o'i ƙasan sawun yakan daskare ya yi tauri. Maharbi yakan cire safar hannu ya taɓa, sa'an nan ya danna dunƙulen hannunsa kusa da shi ya gwada taurin biyun. Idan raɓa ta daskare a cikin ramin, sawun ya kwana. Rana kuma maƙaryaciya ce a nan: tana narkar da gefen sawu ta faɗaɗa shi, har na ƙaramar kyanwar daji ya koma kamar na puma. Shi ya sa ake auna sawu da yawa, musamman waɗanda ke cikin inuwa, kafin a yanke hukunci.

Kira

Mutanen asalin nahiyar sun daɗe suna jawo dabba da baki, ta hanyar tsotsar bayan hannu ko busa ganyen ciyawa. Sana'ar sayar da abin kira ta bunƙasa a shekarun 1950, kuma 'yan gidan Burnham na Marble Falls a Teksas suna cikin waɗanda suka yaɗa ta. A shekarun 1960 Johnny Stewart, shi ma daga Teksas, ya shahara da naɗar kukan dabbobi na gaske ana kunnawa a daji. Abin kira na baki ɗan bututu ne mai siririn harshe da ke kaɗawa idan an busa, kamar bakin algaita. Akwai mai harshe a rufe, mai sauƙin koyo, akwai mai harshe a buɗe wanda ake sarrafa sautinsa da haƙora da leɓe. Na lantarki, irin na kamfanin FOXPRO, lasifika ce mai ɗauke da sautuka masu yawa da ake kunnawa daga nesa. Amfaninta shi ne ana ajiye ta can gefe, idon dabbar ya tafi wurinta ya bar maharbin.

Kukan zomon da aka kama shi ne tushe. Akwai kuma kukan ɗan barewa, da tsuwar ɓera da ake yi da leɓe idan dabbar ta matso, da kukan kwikwiyon koyoti mai jin ciwo, da dogon kukan babban koyoti, wanda ya fi aiki a lokacin barbara.

Duk wannan banza ne idan ba a kula da iska ba. Koyoti ya fi yarda da hancinsa a kan kunnensa, kuma kusan kullum sai ya kewaya ta inda iska ke kai wari kafin ya ƙaraso. Don haka maharbi yakan bar motarsa a ɓoye, ya shiga a hankali iska na bugun fuskarsa ko gefensa, ya zauna da itace ko dutse a bayansa don kada siffarsa ta fito, yana kallon ɓangaren da warinsa ke tafiya. Yakan fara da ƙaramin sauti saboda wanda ke kusa, ya yi kira na ɗan lokaci, ya yi shiru, ya sake. Tsuntsaye masu cin mushe, irin su hankaka, sukan riga kowa zuwa, wani lokaci ma su ke nuna cewa wani abu na tafe. Idan minti 15 zuwa 30 suka wuce ba labari, sai a tashi a sake wuri. Koyotin da ya taɓa zuwa ya shaƙi warin mutum ya tsira da wuya ya sake faɗawa. Irinsa yakan tsaya daga nesa yana haushi, yana gargaɗin sauran.

Kiran puma wani aiki ne dabam, mai bukatar haƙuri ƙwarai. Yankin namiji ɗaya yakan kai ɗaruruwan murabba'in kilomita, don haka kira a inda babu sabon sawu ko sabon mushe ɓata lokaci ne. A nan ne dabarun biyu suke haɗuwa: a nemo sawu tukuna, sa'an nan a yi kira. Ana zama awa guda ko fiye, kira ba yankewa, domin hankalin kyanwa yakan koma wani wuri idan sauti ya tsaya. Puma ba ya zuwa a guje. Sanɗa yake yi daga wannan dutse zuwa wancan, ya zauna ya daɗe yana kallo, kuma maharba da yawa sai sun miƙe za su tafi suke ganin sawunsa a bayansu. Saboda haka akan so a zauna mutum biyu, kowa na duban ɓangarensa.

Karnuka

A jihohi irin su Idaho da Montana da Wayomin da Kolorado, mafi yawan puman da ake kamawa da karnuka ake kama su. Da asubahin daren da aka yi dusa ake bin hanyoyin daji da mota ko babur ɗin kan dusa, ana duba inda sawu ya gitta hanya. Idan sabo ne sai a saki karnuka. Puma yana da gudu amma ba ya jurewa, ba a daɗewa yake hawa itace. Nan ne ake samun damar da kira ba ya bayarwa: a tsaya a duba da kyau. Namiji yana da baƙin tabon gashi a nisan kamar santimita 10 zuwa 12 ƙasa da gindin jela, kuma tun a sawu, taku mai wuce mita guda da tsokar dagi mai faɗin fiye da santimita 5 sukan nuna namiji. Wannan bambancewa ba ƙaramin abu ba ne. Puma na haihuwa a kowane wata na shekara, 'ya'yan kuma sukan yi shekara guda zuwa biyu tare da uwa, ita kuwa ba kullum take yawo da su ba. Wanda ya harbe mace don ya gan ta ita kaɗai yana iya barin marayu a cikin sanyi. Kolorado ta wajabta wa mai neman lasisi ya ci jarrabawar gane jinsi, kuma jihohi da dama suna ƙayyade adadi a kowane yanki su rufe farauta da zarar ya cika.

Da karnuka da dusa aka buɗe ilimin puma na zamani. A 1964 masanin namun daji Maurice Hornocker ya fara bincike a dajin tsakiyar Idaho tare da mai karnuka Wilbur Wiles, suna kora puma kan itace, su sa masa maganin barci, su yi masa alama su sake shi. Binciken ya nuna cewa puma na tsare yanki, kuma bai ƙarar da barewa ba kamar yadda ake zarginsa.

Doka da muhawara

Kafin lokacin, lada ake biya a kan gawar puma. Kalifoniya kaɗai ta biya ladan fiye da puma 12,000 tsakanin 1907 da 1963. Kolorado ta mayar da shi dabbar da ake farauta bisa ƙa'ida a 1965, sauran jihohin yamma suka bi. Masu zaɓe a Kalifoniya sun haramta farautarsa ta nishaɗi a 1990, Oregon ta hana amfani da karnuka a 1994, Washinton a 1996, abin da ya sa kira da bin sawu da ƙafa suka samu karɓuwa a can. A 2024 masu zaɓen Kolorado sun ƙi amincewa da haramta farautar puma. Binciken Robert Wielgus da abokan aikinsa a Jami'ar Jihar Washinton ya nuna cewa idan aka yawaita kashe manyan maza, samarin puma marasa wayo ke cike gurbin, ƙorafin makiyaya kuma ya ƙaru.

Koyoti bai samu wannan gata ba. A jihohi da yawa ana harbinsa duk shekara ba iyaka, Yuta na biyan lada a kansa tun 2012, kuma sashen kula da ɓarnar namun daji na Ma'aikatar Gona ta Amurka yana kashe dubun-dubatarsa kowace shekara. Ɓarnarsa ga masu tumaki gaskiya ce, kuma cire koyotin da ya saba da cin 'yan raguna yana kawo sauƙi na ɗan lokaci. Amma kisan kan mai uwa da wabi bai rage yawansa ba: idan aka rage su, abinci ya wadata, mata su haifi 'ya'ya da yawa, baƙi su shigo yankin da ya zama kango. Gasar kashe koyoti, inda ake ba da kyauta ga wanda ya fi tara gawa, ba ta da hujjar da za ta tsaya a kai, kuma har cikin maharba akwai masu ƙyamarta. Kalifoniya ta hana ba da kyauta a irin wannan gasa a 2014, Vermont ta haramta ta a 2018, Niyu Meziko da Arizona a 2019, Kolorado da Washinton a 2020. Kasuwar fata ma ta ja baya tun da kamfanin rigunan sanyi na Canada Goose, wanda ke sa gashin koyoti a bakin hular rigunansa, ya sanar a 2021 cewa zai daina amfani da gashin dabba kafin ƙarshen 2022.