Kaza ta kusa fara ƙwai: me za a ba ta, kuma yaushe?

Yaushe ne budurwar kaza take fara ƙwai?

Ya danganta da irinta. Kajin gidan gona, irin su Isa Brown da Shika Brown wadda aka samar a cibiyar binciken kiwon dabbobi ta NAPRI da ke Shika kusa da Zariya, sukan fara a mako na 18 zuwa na 20. Kajinmu na gida sai sun kai wata 6 ko 7. Amma kada ka tsaya ga lissafi kawai. Ɗauke ta ka duba: naman nan da ke bisa kanta zai yi jajur ya cika, in ka kai mata hannu sai ta durƙusa, kuma in ka lallaba ƙasusuwa biyu da ke gefen mafitar ƙwai za ka ji yatsu biyu sun shiga tsakaninsu.

Dusa da tsaba ba su isa ba?

Ba su isa ba, kuma a nan ne masu kiwon gida da yawa suke asara. Dusar gero da dawa suna cika ciki, amma abin gina jiki da ke cikinsu kaɗan ne. Daga mako na 8 zuwa wajen na 17, kaza na buƙatar abincin masu tasowa, mai sinadarin gina jiki kashi 15 zuwa 16 cikin ɗari. Wanda ba shi da halin sayen buhu ya ƙara wa dusar garin ƙuli-ƙuli mara gishiri ko soyayyen waken suya da aka niƙa, da ɗan ganyen zogale. Kazar da ta tashi a kan dusa zalla takan makara, ta yi ƙananan ƙwai, ta tsaya da wuri.

To me ya hana a fara ba ta abincin masu ƙwai tun tana ƙarama?

Saboda kalsiyam, sinadarin da ke gina ƙashi da ɓawon ƙwai. Abincin masu tasowa yana da kusan kashi 1 cikin ɗari, na masu ƙwai kuwa 3.5 zuwa 4. Wannan yawan yana wahalar da ƙodar kazar da ba ta fara ƙwai ba. Jinkiri ma illa ne: kowane ɓawon ƙwai yana ɗauke da kalsiyam wajen giram 2, kuma in babu shi a abinci, daga ƙashinta za ta zaro. Shi ya sa za ka ga ƙwai mai laushin ɓawo, ko kaza ta gurgunce tana zaune.

Shawarata ita ce a fara sauyin idan alamun nan sun bayyana, a yi shi a hankali cikin mako guda: ana garwaya sabon abinci da tsohon, kullum ana ƙara sabon. A ajiye garin ƙashi ko dakakken ɓawon ƙwai a wani kwano daban, mai buƙata ta ɗiba da kanta. A dake ɓawon sosai, kada su koyi fasa ƙwai.

Zafin Sakkwato fa?

Daga Maris zuwa Mayu zafi kan haura digiri 40. Za ka tarar da kaji sun buɗe baki suna haki, fukafukai a sake, abinci na gabansu ba su taɓa ba. Mai ƙwai na buƙatar abinci giram 110 zuwa 120 a rana, don haka a ba su da sanyin safiya da kuma bayan la'asar. Ruwa kuwa kada ya yanke. A sa shi a inuwa, a riƙa sauya shi daga randa, domin ba sa son ruwan da rana ta dafa. In rufin akurki na kwano ne, a shimfiɗa masa zana ko kara.

Akwai wani shiri ban da abinci?

A yi rigakafin cutar Niyukasil, wadda kan share kaji musamman lokacin hunturu, a kuma ba su maganin tsutsar ciki kafin ƙwan farko. Likitan dabbobi ne zai tsara lokacin. Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo tana da asibitin koyarwa na dabbobi a nan Sakkwato.

A tanadi wurin ƙwai tun da sauran mako biyu: kwando ko fasasshiyar tukunya da busasshiyar ciyawa, a lungu mai ɗan duhu, ɗaya ga kaji huɗu ko biyar. In ta saba zuwa bayan rumbu ko gidan maƙwabta, dawo da ita sai an sha wuya.